Dakta Yusufu Bala Usman (1945-2005): Malamin Jami'a Kuma Manazarcin Tarihi

1.0 Gabatarwa

Tarihin nazarin al'ummar Hausawa a jami'o'in Nijeriya ba zai cika ba sai an ambaci Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Shi kuwa wannan sashe, da wuya a yi zancensa ba a kawo sunan Dakta Yusufu Bala Usman ba. Jama'a da dama sun san shi ne ta fuskar siyasa da muhawara a jaridu, amma ainihin sana'arsa ita ce koyarwa da bincike, kuma a kanta ya shafe kusan shekara arba'in. A wannan babi za a kawo taƙaitaccen tarihin rayuwarsa, tare da mai da hankali ga abin da ya fi shahara da shi a fagen ilimi, wato tantance madogara kafin a amince da abin da ta ƙunsa. Malamin Hausa yana da buƙatar sanin wannan hanya, domin shi ne ke koyar da asalin Hausawa da sarautunsu da labaran kafuwar garuruwansu, kuma abin da ya faɗa a aji shi yara kan riƙa har girmansu.

2.0 Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Yusufu Bala Usman a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1945. Mahaifinsa ya riƙe sarautar Durɓin Katsina, kuma ɗan'uwa ne ga Sarkin Katsina Usman Nagogo. Kakansa na wajen uba shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Ke nan ta ɓangarorin biyu jinin sarauta ne, kuma ya tashi yana ganin yadda ake gudanar da mulkin gargajiya tun daga cikin gida. Wannan asali yana da muhimmanci wajen fahimtar rayuwarsa, saboda tsarin sarauta shi ne abin da ya zaɓa ya nazarta a jami'a, sannan a siyasa ya tsaya ne tare da masu fafutukar ƙwato haƙƙin talakawa.

3.0 Neman Iliminsa

Ya fara karatun firamare a Musawa, ya ci gaba a Kankiya da Minna, daga nan ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Bayan ya gama sai ya tafi Ingila, inda ya yi karatun share fage, sannan ya shiga Jami'ar Lankasta, wadda a lokacin sabuwa ce, don a 1964 ta fara ɗaukar ɗalibai. A can ya sami digirinsa na farko a fannin tarihi da kimiyyar siyasa.

Ya dawo gida a shekarar 1967, ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani da Kwalejin Barewa. Wannan makaranta ta samo asali ne daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a zamanin kakansa Dikko. Ya koyar a nan har zuwa 1971. Abin lura shi ne, kafin ya zama malamin jami'a sai da ya riƙe alli a gaban 'yan sakandare na tsawon shekara huɗu. Tun yana Barewa ya fara karatun babban digiri a Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, kuma ya kammala digirinsa na uku a 1974. Ya fara koyarwa a jami'ar ne a matsayin malamin wucin gadi, daga baya aka ɗauke shi cikakken malami a Sashen Tarihi.

4.0 Sashen Tarihi a Zamanin da Ya Shige Shi

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962. Wanda ya fara shugabantar Sashen Tarihi shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya koyar a Ibadan kafin ya zo Zariya, wanda daga baya ya musulunta ya kuma zama ɗan Nijeriya. Shi ne ya jagoranci Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya tattara rubuce-rubucen Larabci da na ajami daga hannun malamai, shi ne kuma ya assasa cibiyar Arewa House a Kaduna a 1970, a gidan da Sardaunan Sakkwato ya zauna.

Kafin wannan lokaci, yawancin abin da ake karantawa game da tarihin ƙasar Hausa rubutun jami'an mulkin mallaka ne da matafiya. Waɗannan marubuta sukan danganta kafuwar dauloli ga zuwan wani baƙo daga gabas ko daga arewa, kamar yadda ya zo a labarin Bayajida. A wata maƙala da ya fitar a 1970, Smith ya nuna cewa daulolin Hausa sun ginu ne sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni, bisa dalilai na noma da ƙira da kasuwanci da tsaro da addini. Sai ya shiga tura ɗalibansa, kowa ya ɗauki yanki guda ya bincika shi filla-filla. A cikin wannan yanayi ne Garba Nadama, wanda daga baya ya zama Gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundinsa a kan daular Zamfara a 1977, Mahmud Modibbo Tukur kuma ya rubuta nasa a kan yadda Turawan Ingila suka mallaki Arewa. Shi kuwa Bala Usman ƙasar Katsina ya ɗauka.

5.0 Bincikensa a Kan Ƙasar Katsina

Kundinsa na digiri na uku ya duba yadda aka rushe tsarin sarauta na dā a Katsina aka kafa tsarin masarauta ƙarƙashin Daular Sakkwato. An buga shi a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, 1400-1883, a maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello. Wajen haɗa wannan aiki ya yi amfani da littattafan malaman jihadi, da takardun gwamnati, da rahotannin matafiya, sannan ya shiga garuruwa da ƙauyuka yana jin ruwayoyin dattawa. Ana iya taƙaita gudummawar aikin a ƙarƙashin abubuwa uku.

5.1 Tantance Madogara

A wancan zamani manazarta da yawa sun ɗauka cewa ruwayar baka ce kawai ke buƙatar taka-tsantsan, shi kuwa rubutun Bature da ya gani da idonsa hujja ce yankakkiya. Bala Usman bai yarda da wannan bambanci ba. A wata maƙala ta musamman ya ɗauki rubutun Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasashen Afirka ta Yamma da sunan gwamnatin Ingila, wanda ya fara shiga Katsina a 1851, ya yi masa irin binciken da ake yi wa ruwayar baka. Barth ya siffanta Katsina a matsayin birnin da ya koma baya, kuma marubuta da dama sun kwashi wannan magana ba tare da tambaya ba. Bala Usman ya ja hankali ga halin da Barth ya sami kansa a ciki a birnin, da gajeren lokacin da ya yi, da irin ra'ayin da Turawan ƙarni na 19 suke da shi game da jinsunan mutane. Manufarsa ita ce a gane cewa kowane mai ba da labari yana da matsayin da ya tsaya ya hango abin da ya faɗa. Saboda haka wajibi ne manazarci ya san wanda ya faɗi magana, da lokacin da ya faɗe ta, da wanda ya faɗa wa, da buƙatar da yake son biya, kafin ya gina hukunci a kanta. Wannan ƙa'ida ta hau kan maroƙin fada, ta hau kan malamin da ya rubuta da Larabci, ta kuma hau kan jami'in mulkin mallaka.

5.2 Kula da Kalmomi

Abu na biyu ya shafi harshe kai tsaye. Marubuta irin su M.G. Smith, mawallafin littafin da ya yi nazarin mulkin Zazzau a 1960, sun saba kasa tarihin ƙasar Hausa gida biyu: zamanin Haɓe da zamanin Fulani. Ita kalmar Haɓe ta Fulatanci ce, jam'in kaɗo, kuma tana nufin waɗanda ba Fulani ba. Idan aka ɗora tarihi a kan waɗannan kalmomi biyu, sai jihadin 1804 ya zama kamar yaƙin ƙabila da ƙabila. Bala Usman ya nuna cewa wannan rabo bai dace da abin da madogarai suka nuna ba, domin a kowane ɓangare akwai mutane masu asali iri-iri, kuma abin da ya raba su ya haɗa da aƙida da matsayi a cikin al'umma da yadda masu mulki ke tafiyar da haraji da shari'a. Ya kuma yi bayanin cewa ƙabila kanta aba ce da ke ginuwa a cikin tarihi ta hanyar ƙaura da auratayya da zaman tare.

Haka nan, ko da yake da Ingilishi ya rubuta littafinsa, ya bar kalmomi irin su sarauta da birni da gari da masu sarauta da talakawa a yadda suke da Hausa, har kalmar sarauta ta fito a cikin cikakken sunan littafin. Hikimar yin haka ita ce, kalmomin Ingilishi da aka saba fassara su da su an ƙirƙire su ne don bayanin tarihin Turai, kuma sukan jawo ma'anar da babu ita a ƙasar Hausa. Wannan batu ne da ɗalibin fassara ya kamata ya yi tunani a kansa.

5.3 'Yandoto, Tsafe da Gusau

Abu na uku shi ne yadda aikin ya nuna cewa ƙasar Katsina ta dā ta wuce iyakar Jihar Katsina ta yau. Ta arewa ta shiga cikin Jamhuriyar Nijar, inda zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi. Ta kudu maso yamma kuwa ta haɗa da yankin 'Yandoto da Kwatarkwashi, waɗanda tun 1996 suke cikin Jihar Zamfara. Sunayen sarautu sun adana wannan tarihi. Sarkin Gusau ana kiransa Sarkin Katsinan Gusau, shi kuwa Sarkin Tsafe laƙabinsa 'Yandoton Tsafe.

'Yandoto, wadda take kusa da Tsafe, tsohuwar cibiyar ilimi ce da kasuwanci. Ruwayoyin Katsina sun nuna daga can ne Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kawar da Sanau ya kafa sabon gidan sarauta a Katsina. Garin ya tara malamai da almajirai daga wurare masu nisa, har wasu ke kiransa jami'a ta zamanin dā. Da jihadi ya tashi, malaman garin da dama ba su goyi bayansa ba, kuma a farkon shekarun yaƙin rundunar Muhammadu Bello ta ci garin. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, yana cikin magoya bayan jihadi da suka zauna a 'Yandoto, gidan sarautar Tsafe kuma yana danganta asalinsa ga tsohon garin.

Wannan labari misali ne mai kyau na amfanin hanyar Bala Usman. Fitaccen bayanin da aka rubuta game da cin 'Yandoto yana cikin littafin Infaƙul Maisuri, wanda shi Muhammadu Bello ne da kansa ya wallafa. Wato jagoran ɓangaren da ya yi nasara ne ya ba da labarin. A ɗaya gefen akwai ruwayoyin da zuriyar mutanen garin suka gada daga kakanninsu. Malamin da ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya ya tauye ɗalibansa. Abin da ya dace shi ne ya gabatar da duka biyun, ya bayyana matsayin kowane mai ruwaya, ya nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Irin wannan bincike ya ci gaba a sashen a hannun na baya, cikinsu har da Farfesa Kabiru Sulaiman Chafe, wanda yake ɗauke da sunan garin Tsafe bisa tsohon rubutun boko. Ya wallafa littafi a kan tattalin arzikin Daular Sakkwato a 1999, ya kuma shugabanci Arewa House.

6.0 Rayuwarsa a Harabar Jami'a

A shekarun 1970 da 1980 harabar Samaru ta yi suna wajen muhawara. Sashen Tarihi yana da taron ƙara wa juna sani, inda malami ko ɗalibin babban digiri kan gabatar da maƙala, abokan aiki su yi mata tankaɗe da rairaya. Yawancin maƙalun Bala Usman a kan hanyoyin bincike a irin waɗannan tarurruka aka fara jin su. An san shi da yawan karatu, da kawo hujja da alƙaluma, da kuma zafi wajen mai da martani, ko da kuwa abokin muhawarar na gaba da shi ne. Laccocinsa na bainar jama'a sukan jawo ɗalibai daga tsangayoyi daban-daban.

Ya ba da gudummawa wajen fitar da sakamakon bincike. Shi ne ya tace maƙalun babban taron da aka yi a Sakkwato a 1975 kan tarihin Daular Usmaniyya, aka buga su a littafi guda a 1979. Haka kuma tare da Nur Alkali sun tace wani littafin a kan tarihin Barno kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1983. A tsakiyar shekarun 1980 ya yi doguwar muhawara a rubuce da Yusuf Bangura, wanda shi ma malami ne a jami'ar, kan musabbabin taɓarɓarewar tattalin arzikin Nijeriya.

Wannan yanayi bai ɗore cikin kwanciyar hankali ba. A watan Mayu na 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a harabar jami'ar lokacin zanga-zangar ɗalibai, aka rasa rayuka. Daga nan gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta sa ido a kan malaman da take zargi da cusa wa ɗalibai aƙidar tawaye. A 1988 aka kori Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa, daga ƙasar. A 1989 aka raba Bala Usman da aikinsa, amma daga baya ya koma, ya ci gaba da koyarwa a sashensa. Duk da yawan rubuce-rubucensa da ɗaliban da ya yaye, waɗanda da dama suka zama farfesoshi, har ya rasu da laƙabin Dakta ake kiransa.

7.0 Ayyukansa a Wajen Jami'a

A shekarar 1975 Janar Murtala Muhammad ya sa shi cikin kwamitin tsara kundin tsarin mulki, wanda Rotimi Williams ya shugabanta. Shi da Dakta Segun Osoba, malamin tarihi a Jami'ar Ife, ba su amince da daftarin da mafi rinjaye suka yi ba, don haka suka rubuta nasu rahoton daban a 1976. Sun nemi a mai da ilimi da kiwon lafiya da aikin yi haƙƙoƙin da ɗan ƙasa zai iya nema a gaban kotu. Gwamnati ba ta karɓi rahoton ba, amma an buga shi a matsayin littafi a 2019.

A Jamhuriya ta Biyu ya goyi bayan jam'iyyar PRP, ya kuma riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina. Gwamnatin PRP ta Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ce ta soke harajin kai da jangali a jihar, wato harajin da ake karɓa ta hannun masu sarauta. Ke nan jikan sarki ya yi aiki a gwamnatin da ta rage ikon gidajen sarauta a kan talakawa. Bayan an tsige Balarabe Musa a 1981, kuma wa'adin aikinsa ya ƙare, sai ya koma aji. Daga baya shi da abokan aikinsa suka kafa cibiyar bincike mai suna CEDDERT a Zariya.

Shigarsa siyasa ta jawo masa suka. Wasu na ganin malamin jami'a bai kamata ya ɗauki ɓangare ba, domin hakan na iya rinjayar hukuncinsa a bincike. Wasu kuma, irin su Farfesa Peter Ekeh, sun yi jayayya da shi mai tsanani kan yadda ya fassara tarihin ƙabilun Nijeriya da batun mallakar man fetur. Shi kuwa matsayinsa shi ne, babu manazarcin da ba shi da ra'ayi, don haka abin da ake nema gare shi shi ne ya fito da hujjojinsa fili yadda kowa zai iya bin diddiginsu.

8.0 Wasu Daga Cikin Rubuce-rubucensa

Ban da waɗanda aka ambata, ya wallafa For the Liberation of Nigeria a 1979, wanda tarin laccoci ne da maƙalu kan siyasa da tattalin arziki. A 1986 ya fitar da Nigeria Against the IMF, inda ya soki sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A 1987, shekarar da aka yi rikicin Kafanchan, ya fitar da The Manipulation of Religion in Nigeria, wanda ya yi bayanin yadda masu neman mulki da dukiya ke fakewa da addini don raba kan talakawa. A 2000 shi da Alƙasum Abba suka wallafa The Misrepresentation of Nigeria. Bayan rasuwarsa aka tattara maƙalunsa na tarihi a littafin Beyond Fairy Tales, wanda ya fito a 2006, kuma a cikinsa ne mai karatu zai sami nazarinsa a kan Barth da kuma batun ƙabila.

9.0 Rasuwarsa

Allah ya yi wa Dakta Yusufu Bala Usman rasuwa a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60. Don tunawa da shi an sanya wa wata kwaleji a Daura sunansa, haka kuma an kafa cibiyar nazari da sunansa a Zariya.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Yusufu Bala Usman ya fito daga gidan sarauta, ya fara da koyarwa a sakandare, ya zama malamin jami'a, ya kuma bar hanyar bincike da ake bi har yau. Ba lallai ne mai karatu ya yarda da ra'ayinsa na siyasa ba, kuma ita kanta hanyar da ya koyar ta ba da damar a binciki nasa rubutun kamar yadda ya binciki na wasu. Ga mai shirin zama malamin Hausa, aikin da ke gabansa shi ne ya riƙa bambance wa ɗalibai tarihi da tarihihi da tatsuniya, ya kula da asalin kalmomin da yake amfani da su, ya kuma saba musu da tambayar inda labari ya fito. Ɗalibin da ke Tsafe ko Gusau ko Bunguɗu yana da abin da zai fara gwaji da shi a kusa: sunan sarautar garinsu, da kirarin sarkinsu, da kufan da ke bayan gari, da abin da dattawa suka riƙe game da su.

Tambayoyi

1. Kawo taƙaitaccen tarihin karatun Yusufu Bala Usman daga Musawa zuwa samun digirinsa na uku.
2. Mene ne tantance madogara? Yi bayani tare da misalin rubutun Barth a kan Katsina.
3. Wace matsala ce ke tattare da kasa tarihin ƙasar Hausa zuwa zamanin Haɓe da zamanin Fulani?
4. Me sarautun 'Yandoton Tsafe da Sarkin Katsinan Gusau suke nunawa game da tarihin yankin?
5. Tattaro ruwayoyi biyu na kafuwar garinku daga bakin dattawa biyu, ka kwatanta su, ka bayyana dalilan da kake jin sun sa suka bambanta.